Wai me ke ɗaga sunan ƙasa a idon duniya, me kuma ke zubar da shi?

Ɗan_Kwari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da nake so mu tattauna don ya daɗe yana damuna. Mu a kasuwa kullum muna gani, mutum zai zo sayen shadda, da ka ce masa wannan 'yar Ostiriya ce ko 'yar Jamus shikenan ya saki jiki ko kuɗin bai cika ja ba, amma ka ce masa 'yar China ce sai ya hau murza ta yana ɗagawa a rana yana neman ragi, alhali ba inda ya taɓa zuwa a cikin ƙasashen nan. Haka mota, kowa Toyota ko Honda yake nema saboda an ce ta Japan ce. To me ya sa sunan wata ƙasar kaɗai yake sayar da kaya, sunan wata kuma yake kashe ciniki? Mu kuma da ka fito da koren fasfo a filin jirgin waje sai kallo ya canza. Ni a nawa ganin rashin talla ne, gwamnati ba ta tallata mu. Ku dubi Ruwanda, a 2018 suka manna sunan ƙasarsu a hannun rigar Arsenal, yanzu yaro a Kurna ya san akwai wata ƙasa Ruwanda. Me kuka gani?

Bashir_Fagge:
Wa'alaikumussalam Alhaji. Ai an yi tallan. Ka manta 2009 lokacin marigayiya Dora Akunyili tana ministar yaɗa labarai? An ƙaddamar da gangamin gyara sunan Najeriya, aka yi tambari aka yi take, rediyo da talabijin ba abin da kake ji sai mutanen kirki babbar ƙasa. Kafin shi ma an yi wani a zamanin Obasanjo. A watan Disambar shekarar 2009 ɗin aka kama ɗan Najeriya da yunƙurin tayar da bam a jirgin da zai sauka Amurka, duk abin da aka kashe ya bi ruwa a dare ɗaya. Ita Dora ma in ka lura ba gangamin ne ya yi mata suna a duniya ba, aikin da ta yi a NAFDAC na yaƙi da jabun magani ne.

Ummu_Ilham:
Gaskiya halin mutane ne kan gaba. Duk wanda ya je Umara ya san me nake nufi. Ka ga 'yan Indonusiya da Malesiya, a jere suke tafiya, kowace tawaga da shugabanta, ba hayaniya ba ture-ture, masu shago har murmushi suke musu tun daga nesa. Mu kuma wlh wani lokacin sai ka ji kunya, ga shiga gaban layi ga ɗaga murya a otal. Ba duka ba ne, akasarin alhazanmu mutanen kirki ne masu ibada, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Balarabe mai shago bai karanta tarihin Najeriya ba, abin da ya gani a shagonsa shi ne Najeriya a wurinsa.

Abba_Pillars:
Hajiya gaskiya ne amma akwai zalunci a ciki fa. Ku tuna ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya ƙarshen 2018 da ƙwaya a jakar da aka maƙala wa sunanta, wata huɗu tana tsare sai a 2019 aka sake ta bayan an gano ba ta san komai ba. Irin wannan ba halinta ba ne, lalacewar aiki ce a gida ta jawo mata.

Ummu_Ilham:
@Abba_Pillars ai duk mu ne ƙanina. Wanda ya maƙala jakar ɗan wace ƙasa ne?

Malam_Sadisu:
Alhaji Ɗan_Kwari tambayarka tana da masana da suka yi shekaru a kanta. Wani Baturen Ingila, Simon Anholt, shi ya fara maganar nan sosai tun 1996, daga 2005 kuma ya fara wani ma'auni da ake tambayar dubban mutane a ƙasashe daban-daban yadda suke kallon sauran ƙasashe. Abubuwa shida yake dubawa: kayan da ƙasa ke fitarwa, yadda ake mulkinta, al'adu da wasanni, su kansu mutanen, yawon buɗe ido, sai kuma ko mutane na sha'awar zuba jari ko komawa can da zama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, shi kansa mutumin da gwamnatoci ke kira ya ba su shawara ya daɗe yana cewa tambari da talla ba sa canza sunan ƙasa, aiki ne ke canzawa kuma a hankali.

Misalin Jamus da ka kawo ma ya isa. A 1887 Ingila ta yi doka cewa kayan da aka shigo da su a rubuta ƙasar da aka ƙera su, kuma babban abin da ake hari shi ne kayan Jamus, don a lokacin kallon kwaikwayo mai araha ake musu, ana so mai saye ya gani ya guje. Jamusawa suka gyara masana'antunsu, cikin 'yan shekaru wannan rubutun ya koma abin da ake nema. Japan ma bayan yaƙin duniya na biyu kallon masu kayan banza ake musu a Amurka. Ba wanda ya yi musu gangami, ingancin kaya ne ya ci gaba da maimaita kansa har mutane suka yarda.

Ɗan_Kwari:
Malam na gode, ban ƙi ta taka ba. Amma ko kayanka na da kyau in ba wanda ya san da shi fa? Mu ma a shago sai ka baje kaya a waje kafin a shigo.

Na_Dawanau:
Bari in shigo nan don wannan fagena ne. Alhaji kayanmu an san da su, matsalar abin da aka tarar a ciki ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda sinadarin da ke cikin fiya-fiya da aka riƙa samu a buhuna ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Kuma duk wanda ke harkar hatsi ya san gaskiya ne, manomi da ɗan ajiya suna tsoron ƙwari su cinye musu jari sai su zuba abin da suka samu mai araha, ba wanda ya koya musu wata hanyar, buhun nan mai leda uku da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba ma ba kowa ke iya saya ba. Zoɓonmu Meziko ke kwasa, su ma sun taɓa dakatar da shi saboda ƙwaro. Riɗi yana tafiya Japan da Turkiyya da China, amma in mutum ɗaya ya haɗa da yashi don ya ƙara nauyi, can ba sunansa za a rubuta ba, kwantenar Najeriya za a ce. Shekara mai zuwa duk wanda ya kai sai an rage masa farashi ko an ƙara masa gwaji, har da wanda ya tankaɗe nasa tsaf. Ni wannan ya fi min ciwo a kan maganar fasfo wallahi, domin kuɗi ne ke fita daga aljihun manomin Jigawa da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Majemi_Challawa:
Na_Dawanau ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu namu ma kyan ne da shi amma sunan na wani. Tun zamanin ayarin raƙuma fatar jar akuya ta Kano da Sakkwato take tsallaka sahara, Turawa suna saye a hannun mutanen Maroko suna kiran ta fatar Maroko. Yau ma bai canza ba, a jeme fata a Challawa da Sharaɗa a loda ta Italiya da Sifen, a can a yanka a ɗinka takalmi da jaka a buga sunan ƙasarsu, mu sayo da tsada muna alfahari. Wanda ya gama kaya shi ke cin suna. Muddin ba wutar lantarki da za a gama aikin a nan, haka za mu ci gaba da yi wa wasu suna.

Abba_Pillars:
Ni dai a bar ni da ƙwallo. 1996 a gasar Olamfik ta Atlanta mun cire Brazil 4 da 3 mun ci Ajantina 3 da 2 mun ɗauko zinare, a lokacin da duniya ta juya mana baya. Ahmed Musa namu na Pillars ƙwallo biyu ya zura wa Ajantina a 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018. Wace ma'aikatar yaɗa labarai ce ta taɓa yi mana abin da wannan ya yi? Maroko ma da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Qatar 2022 ai kowa ya ga yadda duniya ta koma son su.

Bashir_Fagge:
@Abba_Pillars ƙwallo tana sa a so ka, ba ta sa a ba ka biza. Bayan duk wannan a 2022 Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya biza, sai 2024 aka buɗe, ka tambayi su Alhaji 'yan Kwari da 'yan waya na Farm Centre abin da ya ja musu.

Hauwa_Zoo_Road:
Ku kuna ta maganar kaya da biza, ni fim nake gani. Mu tambayi kanmu ta ina Bakano ya san Indiya? Ta sinima. Iyayenmu sun kalli finafinan Indiya tun suna samari, har yau akwai wanda zai rera maka waƙar Indiya bai san ma'anar kalma ɗaya ba, kuma idan aka ce za a kai mara lafiya Indiya hankali ya fi kwanciya don kamar an san ƙasar. Yanzu kuma na Turkiyya ne da aka fassara da Hausa, sai ga kayan ɗaki 'yan Turkiyya, dogayen riguna 'yan Turkiyya, amarya ba ta yarda sai da su. 'Yan matan yanzu kuma Koriya. Ita Koriya ta Kudu da gangan ta yi, bayan karayar tattalin arzikin 1997 gwamnatinsu ta zuba kuɗi a harkar fim da waƙa. Mu nan Kannywood ta kai Hausar Kano har Nijar da Gana da Kamaru da Sudan ba da sisin gwamnati ba, amma a gida kallon 'yan iska ake wa masu yin ta.

Abu_Huzaifa:
'Yar'uwa ba kallon banza kawai ake musu ba, akwai abin da suke nunawa da ba tarbiyyarmu ba ce. In za a san mu a duniya gara a san mu da gasar karatun Alƙur'ani da yaranmu ke zuwa suna ciyowa, da malamai, ba da rawa ba. Suna mai kyau a wajen wa? Shi ma abin tambaya ne. Ba duk abin da Bature ya yaba ne abin so ba.

Hauwa_Zoo_Road:
Malam ban ce a bar musabaƙa ba, Allah ya ƙara wa yaranmu hazaƙa. Cewa na yi fim yana shiga gidan da wa'azi da jakada ba sa shiga, sai a gyara shi a yi amfani da shi maimakon a yi ta tsine masa.

Comr_Nazifi:
Duk kun bar babban dalili. Kafafen yaɗa labaran Turawa ne ke ɓata mu da gangan. Yaushe ka taɓa ganin sun nuna matatar Ɗangote mai ganga 650,000 a rana kamar yadda suke nuna bam? Ngozi Okonjo-Iweala tana shugabantar hukumar kasuwanci ta duniya tun 2021, Amina Mohammed mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, amma da an ce Najeriya sai 419 da Boko Haram. A 2016 firaministan Birtaniya David Cameron aka ji shi yana gaya wa Sarauniya cewa muna cikin waɗanda suka fi kowa cin hanci, alhali kuɗin satar a bankunansu da gidajen Landan suke kwance. Buhari ya ba shi amsa daidai, ya ce ba haƙuri yake so a ba shi ba, a dawo da dukiyar. Qatar ta gane wannan shi ya sa ta kafa Al Jazeera tun 1996, take ba da labarinta da bakinta.

Malam_Sadisu:
Kwamared rabin maganarka gaskiya ce. Wanda ke riƙe da makirufo yana da ƙarfi, kuma labarin tashin hankali ya fi saurin yaɗuwa ko'ina. Amma 'yan matan Chibok a 2014 ba CNN ce ta sace su ba. Harin masallacin Juma'a na gidan Sarki a watan Nuwambar 2014 ɗin muna garin nan aka yi shi, mun binne mutanenmu. Kuma a wannan shekarar dai da cutar Ebola ta shigo Legas, likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti har ta rasa ranta, aka bi duk wanda ya yi hulɗa da shi gida-gida, a watan Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar. Waɗannan kafafen dai su suka yi ta yabonmu ana cewa a yi koyi da Najeriya. Wato in mun yi abin kirki babba suna faɗa, sai dai ba ma jera shi, mu yi ɗaya mu yi shiru shekara biyar.

Dattijo_Gwammaja:
'Ya'yana ku ba ku ga lokacin da sunan ƙasar nan ke da nauyi ba. Janairun 1976 marigayi Janar Murtala ya tsaya a Addis Ababa a kan maganar Angola ya ƙi bin abin da Amurka ke so, Afirka gaba ɗaya ta ɗaga kai. Mun kashe dukiya wajen yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. Sojojinmu suka je Laberiya a 1990, daga baya Saliyo. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Malamai daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana su ke zuwa neman aiki a makarantunmu, jirgin KLM a nan Kano yake sauka. Ba wanda ya yi talla a lokacin. Ƙasa ce mai kuɗi mai faɗa a ji, shi ya sa ake girmama ɗanta.

Bashir_Fagge:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma duk da abin da muka yi wa Afirka ta Kudu a 2019 sai da aka kwaso 'yan Najeriya a jirgi saboda hare-haren da ake kai musu. Alheri ma yana tsufa in ba a sabunta shi ba. Mu ma kuma a 1983 mun kori baƙi, akasari 'yan Gana, har yau ba su manta ba.

Comr_Nazifi:
Zamanin Abacha ma ana tsoronmu ai.

Majemi_Challawa:
Tsoro daban girma daban. A 1995 aka dakatar da mu daga ƙungiyar rainon Ingila bayan rataye su Ken Saro-Wiwa, sai 1999 muka koma.

Comr_Nazifi:
To a lokacin nawa ake sayar da buhun shinkafa? Ku bar wannan maganar.

Admin_Zaure:
Jama'a don Allah kada a koma siyasa, mun san inda take kai mu. A tsaya kan tambayar Alhaji.

Injiniya_Rabi:
Ina so in koma kan Ruwanda da aka fara da ita, don na je Kigali wani taro. Rigar Arsenal ita ce ta ƙarshe a lissafi, ba ta farko ba. Tun 2008 suka hana leda, a filin jirgi ma ana karɓewa. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata kowa na fitowa aikin gayya a unguwarsa. Ɗan acaɓa da hular kwano biyu yake yawo, tasa da ta fasinja. To da tallan ya jawo mutum ya zo sai ya tarar da abin da aka faɗa masa. Mu ma muna da tsaftar ƙarshen wata a Kano, amma ku duba magudanan ruwa a Sabon Gari ko bakin Kwari da damina. In ka yi talla baƙo ya zo ya ga akasin haka ka ƙara ɓata sunanka ne da kuɗinka.

Sai dai kuma kada a ɗauka sun tsira. Ana zarginsu da taimaka wa 'yan tawayen M23 a gabashin Kwango, ana maganar takura wa 'yan adawa, har wasu magoya bayan Arsenal ɗin sun fito suna cewa a cire sunan daga rigar. Tsaftar titi ba ta rufe wannan ba.

Ummu_Ilham:
Injiniya kin burge ni. Tambaya ta a nan, shi sunan Najeriyar ma na waye? Wanda ke waje in ya ji Najeriya mawaƙan Legas da finafinan kudu yake tunawa, in ya ji Arewa kuma sai bindiga da almajirai. Mu namu kason na sunan ya fi muni.

Hauwa_Zoo_Road:
Kuma muna da abin nunawa Hajiya. Disambar 2024 UNESCO ta saka hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake kiyayewa, amma an yi ta soke hawan saboda rikicin masarauta, baƙon da ya sayi tikiti don Hawan Daushe wa zai gaya wa ya dawo baɗi? Marinar Ƙofar Mata tana nan ramuka da yawa sun bushe, ganuwa ana ta cinye ta da gini, Dala kuma ku je ku ga yadda kewayenta ya koma.

Na_Dawanau:
Akwai wanda ba a ambata ba, foliyo. Dakatar da rigakafin da aka yi a 2003 zuwa 2004 ya sa sunan Kano ya shiga rahotannin lafiya na duniya ta mummunar hanya, har ta kai alhajinmu sai an ɗiga masa maganin kafin ya shiga Saudiyya. Amma da sarakuna da malamai da matan nan masu bi gida-gida suka tsaya, a 2020 aka ce Afirka ta rabu da cutar. Shekara goma sha shida kenan ana gyaran abin da aka ɓata a shekara ɗaya.

Ɗan_Kwari:
Na karanta duka, Allah ya saka. Ni dai har yanzu ina kan cewa talla na da wurinsa, ko Dubai da duk gine-ginenta ba ta daina talla ba. Kuma ku duba China da na fara da ita, mutumin da ke raina shadda 'yar China shi ne riƙe da Tecno a hannu yana hawa babur ɗan China, sola ɗin gidansa ma daga can take, ya san suna da mai kyau suna da na banza, ya danganta da kuɗinka. Wato sunansu yana canzawa a gabanmu. Abin da ban gane ba shi ne wa zai fara a namu, gwamnati ko mu 'yan kasuwa?

Majemi_Challawa:
A ba mu wuta tukunna Alhaji.

Injiniya_Rabi:
Wuta ba ta hana a daina zuba yashi a riɗi ba ai. @Na_Dawanau don Allah a cikin kasuwar akwai wurin da ake gwada kaya kafin a loda, ko sai an kai Legas? Ƙanina yana so ya shiga harkar zoɓo bana kuma ina tsoron kada ya tura kwantena a dawo masa da ita.

Na_Dawanau:
Hajiya kada ya loda komai sai ya samu takardar hukumar da ke duba lafiyar amfanin gona, kuma ya tambayi mai sayen tun farko irin feshin da ƙasarsu ke karɓa don kowace da nata sharaɗin. Ki ce ya same ni a layin 'yan zoɓo ranar Alhamis bayan azahar, zan haɗa shi da waɗanda suka daɗe suna fitarwa.